Ladanin da Ya Hau Tsororuwa

Har gobe ban manta da safiyar da matan da ke aiki a hannuna suka sauke gammo daga kawunansu suka zauna a gindin dutse ba, ni kuwa ina tsaye da tiyon awo a kafaɗa, rana tana ta ɗagawa. Abin da ya tuno min da ita shi ne gardamar da na tarar kuna yi a biro, wato ofis, ran nan, ku da kuka gaje mu a aikin gyaran ƙasa. Wai a darasin da za ku karanta wa manoma a rediyo, wace kalma za a sa wa wurin da ya fi ko'ina tsawo a kan dutse, ƙololuwa ko tsororuwa. Na yi shiru a lokacin, don shayi na zo sha ba shari'a ba. Amma ina da labari a kan kalmomin nan, kuma tun da na ajiye aiki ba abin da nake da shi da yawa sai lokaci.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Haɓsu, 'yar Madawa ce ni. Na fara aiki a matsayin mai wayar da kai, wato wadda ake turawa ƙauye ta tara mata ta yi musu bayani kafin injiniyoyi su iso. Daga nan aka koya min awon ƙasa, na zama mataimakiya, daga baya aka danƙa min shantiye tawa. Shantiye ita ce wurin aikin da mutanensa da kayansa gaba ɗaya. Shugaban shantiye yana ƙarƙashin injiniyan yanki, injiniya kuma yana ƙarƙashin darakta da ke zaune a Keita. A wancan lokacin mace mai riƙe da shantiye abin kallo ce. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, suna kirana Madan a gabana, a bayana kuwa na ji ƙishin-ƙishin Barkono suke cewa. Ban taɓa kai ƙara ba, don sunan bai yi min ƙarya ba.

Bari in yi wa baƙi bayanin aikin a taƙaice. A ƙasar Adar ruwan sama ba ya tsayawa inda ya faɗi. Saman duwatsunmu fako ne, ƙasa mai tauri da tsakuwa wadda ba ta shan ruwa. Da ya zubo sai ya gangara, ya haɗu da wani, ya yi ƙarfi, kafin ya iso kwari ya zama ƙorama mai cin gona da gida. Aikinmu shi ne mu karya masa ƙarfi tun yana ƙarami. Ana jera duwatsu layi-layi a kan fako, ana bin daidaiton ƙasa don kada wani gefe ya fi wani tudu. Da tiyo ake awon: dogon tiyo ne mai haske cike da ruwa, an ɗaure bakunansa a sanduna biyu masu zane. Inda ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, nan ƙasa ta daidaita, sai a kafa turke. A gangare ana haƙa ramuka a dasa itace. Can cikin ƙorama kuma ana gina shingen duwatsu a cikin ragar waya, wanda muke kira gabiyo. Doka ta farko da ake koya wa kowa ita ce, daga sama ake farawa a sauko. Wanda ya yi gini a ƙasa ya bar sama a buɗe, ruwan farko zai kwashe masa aikin ya kai wa mutanen gaba.

Shantiyata ta farko tana wani ƙauye tsakanin Keita da Ibohamane, ba zan kama sunansa ba. Da bazara aka tura ni, zafi ya kai inda ya kai, mazan garin mafi yawa sun tafi cin rani, saboda haka ma'aikatana mata ne, ana sallamarsu da hatsi da mai. Garin yana da rijiya guda mai ruwan daɗi, sauran duk zartsi ne, ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sa baki. Ƙoramar da ke saukowa daga dutsen gabas tana cin gaɓarta kowace damina tana matso rijiyar nan. Ranar da na isa, abin da ya rage tsakaninsu bai wuce a shimfiɗa 'yan tabarmi ba. Kowa ya san in damina ta sake zuwa ba a yi komai ba, rijiyar ta tafi, kuma matan garin za su koma bin jakai zuwa wani gari neman ruwan sha.

Na hau dutsen ni da injiniya muka duba. Samansa shimfiɗaɗɗen fako ne mai faɗin gonaki da yawa, yana tashi a hankali har zuwa wani tudu a tsakiya, kuma daga nan duk ruwan ƙoramar yake tasowa. Injiniya ya nuna min inda layin farko zai bi, ya shiga mota ya koma. Na raba felu da diga, na ce wa mata gobe da sassafe sama za mu.

Da gari ya waye suka zo kuwa, ba wadda ta makara. Muka kama hanya har gindin dutse, sai na ga sun sauke gammo sun zauna. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai suna Inna Tsahara, gajeruwa, mai ƙarfin wuya, wadda in ta yi magana ba mai ƙarawa. Na matsa kusa da ita.

Na ce, "Inna, lahiya? Rana na yi."

Ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Duk inda kic ce mu kai dutsi muna kaiwa. Amma tsororuwa ba mu hawa."

"Ni da nih hau ta jiya, mi as same ni?"

"Ke baƙuwa ta. Baƙo ko da ido makaho na. Kuma kallo kiy yi, ba ki kai ƙarhe ba, ba ki ɗaga dutsi ba."

Sai ta warware min zancen. Waɗanda suka sari garin masu addinin gargajiya ne, waɗanda ake kira Azna, kuma saman dutsen nan na gidansu ne. A zamanin da, kafin ruwa ya sauka, babban gidan yakan hau da akuya ya yi abin da yake yi, sannan jama'a su fita shuka. Ba mai kai ƙarfe can, ba mai taɓa dutsen wurin, sai shi ko wanda ya ba izini. An daɗe da barin yankan, gidan duk sun musulunta, amma tun da tsohon ƙarshe ya rasu ba ɗan garin da ya sake hawa. Makiyaya ma kewayewa suke yi.

Raina ya soma ɓaci. Na ce, "To in kun bar tsahi, tsoron mi ku ka yi?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba tsoro na ba, kunya ta. Ke kina shiga gidan mutum ba sallama ki kama ɗaure mashi kan rumbu? In mai wuri ya aza dutsi guda da hannunai, mu ko sai mu cika wurin."

Na ce a raina ashe abin mai sauƙi ne. Na tambayi wane ne babban gidan yanzu. Aka ce Malam Nomau. Na ce a kai ni. Sai na ga matan suna kallon juna, wata ta rufe baki da gefen zane. Inna Tsahara ta ce, "Shi na ladanin garin ga."

Da yamma ta raka ni gidansa. Muka same shi a rumfar ƙofar gida yana tufkar igiya, dogon dattijo siriri, mai farin gemu da murya mai sanyi. Muka durƙusa muka gaisa, ya sa aka kawo mana ruwa. Na shiga bayani irin na ma'aikata, na ce muna so mu fara aiki daga ƙololuwar dutse. Ai kuwa sai ya cafke kalmar.

Ya ce, "Ƙololuwa kic ce, Madan? Wagga maganar 'yan lakkwal ta, 'yan boko, da rediyo. Ba laihi, Hausa ta. Uwarsu duka ƙoli, shi as sa ku ka cewa kotun ƙoli, taron ƙoli, abin da babu wani bisa gare shi. Ƙololuwa ɗiyar ƙoli ta, ita ta tsinin ƙarshe, inda in ka ƙara taki guda sai gangara. Ana hwaɗinta ga dutsi, ana hwaɗinta ga icce, har ga mutum in ya kai matuƙa ga ilimi ko sarauta. Akwai kuma ƙoƙuwa. Tsohhinmu sun ce daga ƙoƙo tah hito, don kan ɗaki da ƙoƙo ko tsohuwar tukunya a ka kihe shi. Allah ad da sani. Hillanin da ka kiwo bayan dutsin ga hoore su ka cewa, kai ke nan. Buzaye su ce afalla. Larabawa su ce ƙimma."

Ya ja igiyarsa ya ƙara murzawa a cinya. Ya ce, "Mu ko nan tsororuwa mu ka cewa, daga tsororon ɗaki, inda bunu ka haɗuwa a ɗaure shi. Duk inda kij ji tsororo, akwai gida ƙarƙashinai, gida ko shina da mai shi."

To, ga amsar gardamarku ta biro, a kyauta. Dukansu Hausa ne, ku sa wadda mutanen da za su saurare ku suke faɗa. Ni dai a ranar ba darasi na zo ɗauka ba. Na ce, "Baba Malam, ai wurin mai shi niz zo." Ya yi 'yar dariya, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce lokacin salla ya gabato. Ya naɗe igiyarsa ya tafi masallaci, ya bar mu da kwanon ruwa.

Haka muka yi ta yi da shi. Duk ranar da na je, sai ya tarbe ni da fara'a ya buɗe sabon babi. Yau bambancin tudu da jigawa, gobe dalilin da ya sa mutanen Adar ke cewa bisa, na gabas su ce sama. Mutum ne mai son magana da asalinta, kuma wallahi ya iya, da a wani lokaci ne sai in wuni ina saurare. Amma da na karkato zancen zuwa hawan dutse, sai lokacin salla ya yi.

Ban bar mata suna zaman banza ba. Na tambayi Inna Tsahara iyakar inda kunyar ta tsaya, ta nuna min wata tsohuwar aduwa a kafaɗar dutsen, ta ce daga nan zuwa sama ne na gidan su Malam Nomau. Na sa aka yi ta tara duwatsu ana jibgewa a gindin aduwar, tsibi bayan tsibi, don duk ranar da hanya ta buɗe kada mu ɓata lokaci wajen ɗauko su daga ƙasa. Wannan dabarar tawa ce, ba wanda ya koya min, kuma ita ta cece mu daga baya.

Labari ya kai Keita, darakta ya aiko a kira ni. Mutum ne mai kirki amma mai gaggawa, ɗan gabas, yana da shantiyoyi da yawa a wuyansa. Ya ce, "Madan Haɓsu, ba tarihi muka zo yi ba. Ko ki fara daga itacen nan ki sauko, ko in aiko miki da kamiyo cike da ma'aikata daga wajen Buza, waɗanda ba ruwansu da kakan kowa, su gama saman su tafi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in na hwara daga aduwa, ruwan da ka tasowa bisa zai iske layina da ƙarhinai, kai kak koya muna haka. In ko baƙi sunka hau, za su gama su tahi, amma jerin dutsi gyara shi ka so kowace shekara. Wa ka hawa shi gyara abin da anka yi mashi da wulaƙanci?"

Ya buga alƙalami a tebur. Ya ce ya ba ni zuwa tsayuwar wata. In ba a fara ba, zai ɗauke shantiyar da hatsinta ya kai wani gari, don garuruwan da ke roƙo suna da yawa. Na fito na san in shantiya ta tashi, rijiya ta tafi.

Na biya wurin limamin garin, don ni ma abin yana min nauyi. Musulma ce ni, ban so a ce Haɓsu ta zo ta tayar da abin da aka binne. Liman ya saurare ni da kyau ya ce, "Aza dutsi don tare ruwa ba laihi na ba ga shari'a, lada ma shina da ita. Amma bakin mutane ba ni ad da linzaminai ba." Na ce ko zai raka Malam Nomau su hau tare, kowa ya ga ba komai. Ya shafa gwiwoyinsa ya ce sun daɗe da sallamar hawan dutse. Na dubi gwiwoyin, ban ga abin da ya same su ba.

Sai na yi tunanin da nake ganin wayo ne. Na koma wurin Malam Nomau na ce, "Baba Malam, mu tahi bayan sallar asuba, ni da kai da Inna Tsahara. Ba wanda ka ganinmu. Ka aza dutsin, ita ta shaida ma mata, magana ta ƙare."

A ranar bai kawo zancen kalma ba. Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ɗiyata, ni ka ja ma babana akuya zuwa bisa can, kuma da asuba mu ka tahiya. Da nit tahi karatu, ba ni da suna sai ɗan Azna. Na taɓa jan salla wani yat tashi yas sake sallar, gaban idona. Shekara da shekaru ina wanke sunan ga, har mutanen garin ga sunka yarda in kira su ga salla. Yanzu kina so in hau da asuba, ɓoye, awa yadda ubana ka yi?"

Tausayinsa ya kama ni, amma barkonon ya riga tausayin fita. Na ce, "Kai sunanka ka ka tsaro, su ko matan ga ruwan ɗiyansu su ka tsaro." Inna Tsahara ta mintsine ni a cinya. Shi kuwa bai yi fushi ba, ya ce in gai da gida.

Wata yana gab da tsayawa sai hadari ya taso da rana tsaka, irin ruwan nan na share fage da ke zuwa kafin damina ta zauna. Bai daɗe ba ya ɗauke. Amma kafin la'asar ƙorama ta sauko da ruri, ta ci gaɓa, kwamin siminti da ake shayar da dabbobi a gefen rijiya ya karye ya rufta ciki. Duk gari ya fito ya tsaya yana kallo. Na hango Malam Nomau a gefe, hannuwansa a baya. Ya daɗe yana duban ramin, sannan ya juya ya tafi kiran salla.

Washegari da hantsi, lokacin da rijiya ta fi cika da jama'a, ina tsaye da matana muna shirin tafiya gindin aduwa, sai ga shi cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗe hannuwan rigar a kafaɗa. Ya tsaya a bakin rijiya ya buɗe tafukansa biyu ya ɗaga. Ya yi magana da muryar nan da ake ji har bayan gari.

Ya ce, "Jama'a, ku dube ni da kyau. Ba ni da wuƙa, ba ni da akuya, ba ni da zakara. Za ni hawa tsororuwa in aza dutsi don Madan ta yi aikinta. Wanda ka son gani shi biyo ni."

Ya juyo wurina ya rage murya ya ce, "Abin da anka yi ɓoye shi ka zama tsahi. Ɗauko tiyonki."

Muka kama hawa, shi a gaba, ni a bayansa, mata a bayana, sauran gari a can baya. Da muka kai aduwa kowa ya ja ya tsaya, muka wuce mu biyu. Awo da tiyo aikin mutum biyu ne, saboda haka na miƙa masa sanda ɗaya na nuna masa yadda ake duba ruwan a zane. Ya riƙe ta kamar yadda ake riƙe alƙalami, a hankali, da girmamawa. A kusa da tudun tsakiya akwai wani faffaɗan dutse, da tsingaron tsoffin tukwane a gindinsa. Ya ɗan dakata a wurin ya ce, "Nan na." 

Muka yi awo, ruwa ya daidaita, na kafa turke. Ya sunkuya ya ɗauki wani dutse mai nauyi da hannu biyu, ya rungume shi a farar rigar. Ya ce, "Ina za ni aza shi, Madan? Wuri nau na, amma aiki naki na." Na nuna masa gindin turken. Ya yi bisimilla a fili ya ajiye. Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba, ni da ko rasuwa ba kasafai nake kuka a gaban mutane ba.

Ya miƙe ya kaɗa hannun riga. Inna Tsahara ta aza dutse a gammo, ta tako har iyakar inuwar aduwa ta tsaya ta ce, "Salamu alaikum, masu gida." Ya amsa mata, ya ce su shigo. Sai ga mata layi guda, kowace da dutsenta a ka, ba guɗa ba hayaniya.

Daga nan muka yi aiki irin wanda ban sake ganin kamarsa ba. Tsibin duwatsun da muka tara a gindin aduwa shi ya sa layukan sama suka ƙare kafin damina ta zauna. Muka sauko gangare da ramuka, muka gama da gabiyo a cikin ƙorama, har da wani babba a kusa da rijiya. Malam Nomau kullum yana cikinmu, da ya idar da asuba sai ya hau, yana gyara bakin layi, yana koya wa matan sunayen ciyayin da suka manta. Da ruwa ya kankama na tsaya a bakin ƙorama ina kallo. Ruwan ya sauko ja kamar kullum, amma ya zo a gajiye, ya wuce gefen rijiya bai ɗauki ko ƙasa cikin ƙwarya ba. Darakta ya zo da kansa ya zagaya, ya hau har sama yana haki, ya ce min, "Madan, kin yi gaskiya." A gaban direbobi ya faɗa, kuma na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye muku ba. Bayan wannan ne aka ba ni manyan shantiyoyi a ƙasar Buza da wajen Galma.

Amma abin bai tafi a banza ba. Da 'yan cin rani suka dawo noma suka ji labari, wasu daga cikinsu suka je wurin liman suka ce ba za su amsa kiran mutumin da ya koma wurin tsafin ubansa ba. An gaya musu da rana tsaka ya hau, hannu wofi, gaban kowa. Suka ce hawa dai hawa ne. Liman mai son zaman lafiya ne, sai ya ba wani kiran sallar, wai na ɗan lokaci har ƙura ta lafa. Lokacin bai taɓa ƙarewa ba. Malam Nomau ya ci gaba da zuwa masallaci yana shiga sahu kamar kowa, wani yana kira da murya mai kama da ta mai tallar gishiri.

Da na ji, na tafi gidansa raina a ƙone. Na ce zan je in yi wa liman da mutanen nan wankin babban bargo. Ya hana ni. Ya ce, "Zamna, ɗiyata. Kiran salla duk mai murya ya iya shi. Dutsin ga ni kaɗai ka iya aza shi." Ya tambaye ni ko na san abin da Hillani ke kiran gangare, ya shiga darasinsa, ni kuma a karo na farko na zauna na saurara har ƙarshe.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, tiyo yana nuna maka inda sama take, amma ba ya gaya maka ta wane ne. Wannan sai ka zauna a tabarma ka tambaya, ka jure a yi ta juya ka, kada ka kira kamiyon baƙi don ka gaji. Na kuma koyi cewa ana rubuta aikinmu da sunan injiniya da darakta, wani lokaci har da na shugabar shantiye, amma kusan duk inda aiki ya tsaya da ƙafarsa, akwai wani ɗan garin da ya biya da abin da ba a aunawa da tiya. Ina alfahari da layukan da na ja a duwatsun Adar, ina kuma alfahari da cewa na riƙe tiyo ɗaya da mutumin nan. In an tura ku gari, ku nemi irinsa ku gaishe shi tun yana da rai.

Bara na bi ta garin a kan hanyata ta zuwa wani suna. Saman dutsen ya yi duhu da itace, shanu suna kiwo a gangare. Malam Nomau ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, bai sake kiran salla ba har ya koma ga Ubangijinsa. Na tsaya a rijiya lokacin azahar na yi. Maza sun kewaye ta da butoci suna alwala, a cikinsu na gane ɗaya daga waɗanda suka je wurin liman, yanzu gemunsa ya yi fari. Bayan mun gaisa na tambaye shi ko yana tuna Malam Nomau.

Ya ce, "Wanda yah hau tsororuwa?"

Na ce shi.

 Ya sunkuyar da kai, ya karkata butar, ya ci gaba da wanke ƙafarsa da ruwan rijiyar.